Ƙoƙo Ɗaya a Cocin Dinbaro

Ranar Lahadin da Fasto Gedisa ya fasa ƙoƙon, sai da ya sa aka mirgino kututturen faskare har ƙofar coci. Ya ɗora ƙoƙon a kai, ya karɓi gatari daga hannun Waim, babban dattijon ikilisiya, ya juya ƙeyar gatarin ya sauke sau uku. A bugu na uku ƙoƙon ya koma kamar gwangwanin da mota ta taka. Ya ɗaga shi sama don na baya su gani.

"Ubangiji ɗaya ne, ƙoƙonsa ɗaya ne," in ji shi. "Lahadi mai zuwa za mu ci Jibin Ubangiji. Da dangin Gigmai da dangin Yaundo, duk a ƙoƙon da ya rage za ku sha."

Ya zaci za a yi gunaguni, amma ba a yi ba. Siune, wanda in ya yi magana dangin Yaundo sun yi, ya tofar da jan yawun buai, goron ƙasarmu, gefe guda, ya tako ya kama hannun Fasto da hannu bibbiyu.

"Fasto, yau ka yi aikin maza. Mun daɗe muna jiran wanda zai yi mana wannan."

Fasto Gedisa ya koma gida yana jin daɗi har cikin ransa. Da ya san Siune kamar yadda muka san shi, da abincin rana bai wuce masa maƙogwaro ba.

Gedisa mutumin bakin teku ne, daga wajen Finschhafen, inda bishara ta fara sauka kafin kakanninsa su hauro mana da ita tsaunukan Simbu, kuma har gobe mutanen can ba sa bari mu manta. Ya daɗe da yin ritaya, amma cocinmu na Lutaran bai bar shi ya huta ba. In fasto ya mutu, ko ya tsere, ko ikilisiyarsa ta kore shi, Gedisa ake turowa ya yi riƙon ƙwarya kafin a naɗa na dindindin. Dinbaro ce ikilisiyarsa ta takwas a wannan aiki. Taƙamarsa ɗaya ce, ba ya miƙa wa magaji gida da shara. In ya tarar da rufi yana yoyo sai ya toshe, in ya tarar da mawaƙa sun rabu biyu sai ya haɗa su ko da tsiya-tsiya, sannan ya ɗauki akwatinsa ya tafi kafin a fara jin haushinsa sosai. A Dinbaro ya yi wata biyar da rabi tun mutuwar Fasto Kerenga, kuma saura mako biyu sabon fasto ya iso. Rufin ya gyaru, ƙararrawar ta koma mazauninta. Sharar da ta rage masa, a ganinsa, ita ce ƙoƙo biyun da ya tarar a kabad.

Ƙoƙon ya zama biyu ne bayan faɗan da aka yi shekara uku da suka wuce, a kan wani gangare mai gonar kofi da ke tsakanin dangin biyu. Wata bakwai aka yi ana yi. An ƙone gidaje har ɗakin shan magani, an sassare itatuwan kofi, an datse wa aladu ƙafafun baya aka bar su suna jan jiki a cikin toka. Mutum goma sha ɗaya suka mutu. Goma daga ciki an san wanda ya kashe su, don a wurinmu in ka kashe abokin gaba kakan hau tudu ka rera sunansa, danginka su amsa. Na goma sha ɗayan shi ne Umba, ƙanen Siune. An tsince shi a cikin gonar kofi da ramin harsashin bindiga ƙirar gida a bayansa, kuma ba wanda ya hau tudu. Siune ya ɗauko gawar da kansa, ya ajiye ta a ƙofar gida, ya ɗora ɗan yatsansa na hagu a kan dutse ya datse gaɓa ɗaya da gatari, bai ko yi tsaki ba.

To kowa ya san abin da ke biyowa bayan jini. Wanda ya kashe, in bakinsa da bakin ɗan'uwan mamaci suka taɓa abu ɗaya, ƙoƙo ne ko rake ko karan taba, jinin zai kama su duka biyun. Ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, a wuce. Da yake ba a san hannun da ya kashe Umba ba, sai ya zama babu ɗan Yaundo da zai haɗa baki da ɗan Gigmai ko ɗaya. Fasto Gedisa ya ga wannan da idonsa a makonsa na biyu. A kasuwar Asabar wani ɗan Gigmai ya manta, ya zuƙi tabarsa ya miƙa wa na kusa da shi, wanda ya kasance ɗan baffan Umba. Kafin tabar ta faɗi ƙasa kunnen ɗan Gigmai ɗin ya riga ta faɗuwa. Fasto ne ya naɗe masa kai da rigarsa, mata kuma suka janye kayan miyarsu daga inda jinin ke gangarowa suka ci gaba da ciniki.

Saboda haka ba za a ce bai sani ba. Waim ma ya gaya masa.

"Fasto, marigayi Kerenga ba wawa ba ne. Ka bar ƙoƙon nan yadda ka gan su."

"Kerenga ɗanku ne, tsoronku yake ji," in ji Gedisa. "Ni baƙo ne, gobe zan tafi. Abin da faston dindindin ba zai iya taɓawa ba, shi aka aiko ni in taɓa."

Ba ƙarya ya faɗa ba, haka aikin yake, kuma ya ci nasara da shi a wuri bakwai.

Ranar Asabar jajiberin Jibi, kamar yadda muka saba, duk mai niyyar sha sai ya zo ya furta zunubinsa gaban fasto a ɗan ɗakin da ke bayan bagadi. Tun da hantsi layi ya kai gindin itacen da ke bakin hanya. Faston riƙon ƙwarya yakan samu layi fiye da na dindindin, don mutane sun fi son su zuba sharrinsu a kunnen da zai bar gari. Gedisa ya ji satar kaza, ya ji zina, ya ji wata tsohuwa da ta zo ta furta zunuban surukarta ɗaya bayan ɗaya. Ta 'yar tagar ɗakin yana hango Siune da mutanensa zaune a kan ciyawa suna tauna buai. Sun riga sun shiga sun fito, amma ba su tafi ba. Ya ɗauka zumuɗin ibada ne.

Rana ta take tsaka Kawage ya shigo. Ɗan Gigmai ne, kafinta, shi ya taya Fasto gyaran rufi bai karɓi komai ba. Matarsa Moro ƙanwar Siune ce, uwa ɗaya uba ɗaya da Umba. Ya rufe ƙofa, bai durƙusa ba, ya tsaya yana kallon bango.

"Fasto, ka dawo da ƙoƙo biyu."

"Ka ga abin da ya zama. Zauna, Kawage."

"Ko kofin shayi ne ka kawo. Ko gwangwanin kifi."

Sai a lokacin Gedisa ya dubi fuskarsa da kyau.

"Hazo ake yi," in ji Kawage a hankali. "Na ga mutum da baka yana ratsa gonar kofinmu, na harba. Da na juya shi sai na ga surukina. Wa zan hau tudu in rera wa? Uwar 'ya'yana tana gida tana dafa mini dankali." Ya share hanci da bayan hannu. "Shekara uku ban gutsiri abu na miƙa wa 'ya'yana ba, don jinin Umba ne a jikinsu. Kwanona daban, a gidan maza nake ci. Moro ta ɗauka wata mace na samu a garin Kundiawa, har ta taɓa fasa mini kai da itacen wuta. Na ji daɗin dukan, gara ta ɗauka haka."

"Allah yana gafarta wannan ma."

"Na sani, Kerenga ya gaya mini. Ba gafara na zo nema ba, ƙoƙo na zo nema."

"Kerenga ya sani?"

"Don wa kake tsammani ya sayo na biyun?"

Gedisa ya tattaro abin da shekara arba'in na wa'azi suka bar masa, ya ce jinin Almasihu ba ya ɗauke da mutuwa, ya ce a sha da bangaskiya, babu cikin da zai kumbura. Kawage ya saurara da ladabi har ya gama.

"Kai ka yi makarantar fastoci, Fasto. Cikina bai yi ba. Na Moro ma bai yi ba, ga shi gobe a ƙoƙon nan za ta sha. In na sha, na kashe ta, na kashe yayanta. In na kawar da kai, kafin ka ce amin sun raba ni biyu."

"To kada ka zo."

Kawage ya yi wata 'yar dariya, ya nuna taga da haɓa. "Har guragu za a ɗauko gobe. Wanda bai zo ba ya hau tudu ke nan. Me kake tsammani surukina yake yi a kan ciyawar can? Ƙirga wanda ya daɗe a ɗakin nan yake yi. Shi ya yarda cikinsa ya kumbura, in dai zai ga fuskar mutumin. Kai ka ba shi abin da ya nema shekara uku bai samu ba."

Gedisa ya ɗora masa hannu a ka ya faɗi kalmomin gafara da sauri, don kada a ƙara masa minti. Da Kawage ya fita, Fasto ya riƙe tsohon da ya biyo baya kusan rabin awa a kan satar kabewa, ya riƙe na bayansa ma, har tsofaffin suka fara mamakin girman zunubansu. Iyakar dabarar da ta zo masa ke nan a ranar.

Da la'asar ya zauna a bakin ƙofarsa yana juya abin. Kunya yake ji, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya ga cewa ba kishin Allah kaɗai ya ɗaga gatarin nan ba, har da son a ce Gedisa ya gyara abin da ya gagari Kerenga. In ya fito da ƙoƙo na biyu gobe, ko ya ce an ɗage Jibi, Siune zai gane an faɗa masa wani abu a ɗakin nan, kuma mazan Gigmai da suka daɗe a ciki ba su fi huɗu ba. Siune ba zai tsaya tantancewa ba, huɗun zai bi. In ya ce ba shi da lafiya, ɗauko shi za su yi a kan kujera. Abin da yake bukata shi ne dalilin da ba zai sa kowa ya yi tunani ba, kuma a saninsa da mu, abu ɗaya ne ke hana mu tunani.

Da safiyar Lahadi coci ya cika har tagogi. Gigmai a dama, Yaundo a hagu, guragu biyu a kan buhu a gaba. Ya lura maza sun shigo da dogayen riguna duk da rana ta fito, kuma suna zama a hankali kamar masu ciwon baya. Da ya zo wucewa ya hangi bakin adda a ƙarƙashin benci na uku, an goge ta har tana ƙyalli. An yi waƙa, an yi karatu, wa'azinsa bai kai minti goma ba, kuma ba wanda ya ji ko kalma ɗaya daga ciki.

Ya fara kiran mata. Suka zo suka durƙusa a gaban bagadi, Gigmai da Yaundo a cakuɗe, ya ba su gurasa ya ba su ƙoƙo. Moro ta sha ta share baki da gefen mayafinta ta koma. Ya kira tsofaffin da ba su iya jan baka ba lokacin faɗa, suka sha. Waim ya ƙara ruwan inabi har ƙoƙon ya cika.

"Sauran maza," in ji Fasto.

Suka taso, su kusan arba'in, layi biyu. Siune ya bi ta bayan mutane ya zo ya durƙusa a tsakiya, inda zai ga dama ya ga hagu. Kawage yana mutum na biyar daga gefe, leɓɓansa sun yi fari, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wani jariri yana kuka a baya.

Gedisa ya ɗaga ƙoƙon. Shekara arba'in bai taɓa barin ɗigo ɗaya ya zuba ba, ko a motar da ke tsalle. Ya karkata shi ya watsar da ruwan inabin a ƙasa gaban gwiwoyinsu.

"Ba zan ba ku ba," in ji shi, da muryar da ta kai bakin hanya. "Ko ɗayanku. Kun zo teburin Ubangiji da adduna a cikin wando kamar masu zuwa fiɗar alade. Alade ma ya fi ku, shi ba ya yin baftisma kafin ya ci ɗan'uwansa. Kakannina suka hauro nan suka same ku tsirara kuna warin kitse, suka koya muku sunan Allah, suka koya muku sabulu. Sabulun ma bai kama ku ba. A ba ku ƙoƙon azurfa? Kwamin alade ya dace da ku."

Gaskiya ya iya zagi. Wanda bai san shi ba sai ya rantse daga zuciya yake fitowa, kuma wataƙila kaɗan daga ciki daga can ɗin ya fito.

Wani ɗan Gigmai ne ya fara, ya taso da kai ya doki Fasto a ciki. Kafin ya kai ƙasa wani ɗan Yaundo ya tare shi da gwiwa a baki, ya ji haƙoransa na gaba sun tafi. Daga nan bai ƙara sanin na wa da na wa ba. Aka fizge farar rigarsa, aka karya benci aka raba ƙafafun bencin, aka yi ta sauke masa a gadon baya da haƙarƙari. Mata suna ihu suna fita ta taga. Waim ya shiga tsakani da hannu a sama, wani ya ɗauke shi da mari ya faɗa kan gangar mawaƙa. Tun da aka yi faɗa, wannan ne aiki na farko da Gigmai da Yaundo suka yi tare, kuma sun yi shi da haɗin kai.

Yana kwance a gefe, hannu a ka, jini na cika masa baki, Gedisa ya leƙa ta tsakanin ƙafafu. Abin da ya gani ya fi dukan tayar masa da hankali. Duk maza sun tashi, sai mutum ɗaya. Kawage yana nan a durƙushe inda yake, hannuwansa sun saki, bakinsa a buɗe, hawaye na zuba, fuskarsa irin ta wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Siune kuwa ya riga ya sauke nasa dukan ya ja da baya. Yana tsaye da ƙafar benci a hannu, numfashinsa na sauka, idonsa ya fara bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Fushi bai daɗe da riƙe Siune ba, dama ba ya daɗewa.

Gedisa ya ja jiki da gwiwar hannu. Wani ya taka masa ƙafa, ya fizge, ya ci gaba har ya kai ga Kawage. Ya kama wuyan rigarsa ya miƙe a kansa, ya tara jinin da ke bakinsa ya tofa masa a ido.

"Kai kuma fa, ɗan rakiyar mata? Ko dukan ma sai Moro ta ba ka izini? Kowa ya san ita ta fasa maka kai, ka zauna kana kuka. Rufin da ka yi mini ma yoyo yake." Ya matso da bakinsa kunnen mutumin kamar zai cije shi, ya ce a hankali, "Yana kallonka. Tashi ka sare ni."

Kawage ya dube shi, ya dubi Siune. Ya miƙe, ya miƙa hannu baya, wani ya danƙa masa adda ba tare da ya tambaya ba. Gedisa ya ga ya juya ta zai yi duka da gefe, ya ga kuma ya sake dubawa, ya ga ya mayar da bakin gaba. Gefen adda ba zai gamsar da Siune ba, su biyun sun sani. Fasto ya ɗaga hannun dama ya tare. Bai ji zafi ba da farko, ƙara kawai ya ji kamar an sari rake. Yatsu uku suka faɗi a cikin ruwan inabin da ya zubar, na huɗun ya rataye da fata.

Kawage ya sake ɗaga addar yana wani irin kuka mai kama da na dabba, kuma wannan kukan ba na wasa ba ne. Siune ya yar da ƙafar benci ya rungume shi ta baya ya danne masa hannuwa.

"Ya isa, suruki. Ya isa haka. Kashe shi za ka yi? Bawan Allah ne fa, ko da bakinsa ya ruɓe."

Ganin jinin ya sa sauran suka ja da baya, kowa yana neman inda zai ajiye abin da ke hannunsa. Moro ta shigo ta yage zanenta ta ɗaure dungulmin, ta ɗaure sama da gwiwar hannu ta murɗa da cokali, tana zagin mijinta ba tare da ta dube shi ba. Waim, da kumburarren kunci, ya tsince yatsun ya naɗe su a ganyen ayaba, ko da likita zai nema.

Daga Dinbaro zuwa titin da mota ke bi tafiyar awa huɗu ce. Aka zura sanduna biyu a buhunan kofi aka kwantar da Fasto a kai. Siune ne ya raba aiki.

"Wanda ya sara shi zai ɗauka," ya ce wa Kawage. "Kama gaba. Ni zan kama kusa da kai, kada ka jefa shi a kwazazzabo."

Suka gangara, mutum huɗu a sanda, wasu na biye don canji. Rana ta yi zafi. Kowane tuntuɓe sai Gedisa ya ji shi a haƙarƙari, hannun kuma yanzu ya farka yana ci kamar an tsoma shi a garwashi. Duk da haka wani abu mai kama da kwanciyar hankali ya sauko masa. Ya san abin da za a ce a ofishin coci, cewa tsufa ya taɓa Gedisa, ya zagi ikilisiya, ya zubar da jinin Ubangiji a ƙasa. Ba za a sake ba shi riƙon ko'ina ba, kuma ba zai iya gaya wa kowa dalili ba, har sabon faston da zai zo ya tarar da benci a karye. Ya yarda da wannan. Yana iya ganin ƙeyar Kawage a gabansa tana tafiya, a haɗe da wuyanta.

A rafin farko suka sauke shi a inuwa don su huta. Siune ya ciro gorar ruwa daga jakarsa ya cika, ya kafa kai ya sha, ruwa na bin gemunsa. Ya share baki ya tsaya yana kallon Kawage, wanda ya koma gefe ya zauna a kan dutse da kai a tsakanin gwiwoyi.

"Suruki," in ji Siune, kuma muryarsa ta yi laushi yadda ba mu taɓa ji ba. "Zan gaya maka gaskiya. Kana cikin waɗanda nake zargi. Jiya ka daɗe a ɗakin nan, yau kuma na ga kana gumi. Amma mutumin da zai sare hannun fasto don an hana shi ƙoƙo, wannan ba ya tsoron ƙoƙo. Na zalunce ka shekara uku, na sa ƙanwata a tsakiya." Ya miƙa masa gorar da hannun nan mai guntun yatsa. "Sha. Daga yau ni da kai kwano ɗaya."

Sauran masu ɗauka suka yi murmushi, wani ya ce madalla. Kawage ya ɗago kai ya dubi gorar, hannunsa bai motsa ba.

"Ruwa," in ji Gedisa daga kan buhu. Da ƙyar kalmar ta fito ta tsakanin karyayyun haƙora. "Ku ba ni ruwa, mutuwa zan yi."

Siune ya juyo da sauri, ya durƙusa ya tallafo kansa ya kafa masa gorar. Gedisa ya sha. Ruwan yana ratsa gurbin haƙoransa kamar allura, cikinsa ya cika, amai ya taso ya danne shi, ya ci gaba da haɗiya har ya ji gorar ta yi sauƙi. Da ya ga babu ko ɗigo, ya kama ta da hannun hagu kamar zai ƙara, ya sake ta ta gangara cikin rafi ruwa ya tafi da ita.

"Tsohon nan ko a bakin mutuwa sai ya yi ɓarna," in ji Siune. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Ba komai, suruki, gora ba ta ƙarewa a daji. Na sara wata a gaba. Ku ɗauka mu tafi."

Suka ɗaga sandunan. Gedisa ya rufe ido yana bin hanyar a zuciyarsa, don sau da yawa ya bi ta da ƙafa. Tsakaninsu da titi akwai sauran rafi uku.